Shekarar da Na Hana Inna Taɓa Hannun Ummi

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a danginmu, na kuma san ta iso kunnuwanku tun kuna ƙanana, ko da yake babu ɗayanku da ya taɓa yi mini ita ido da ido. Cewa ake na raina mahaifiyata. Wai boko ya hau mini kai, na ɗora mata laifin ƙunar Ummi, na ƙwace jikarta a gaban maƙwabta, har ta kife kaskonta don baƙin ciki. Akwai gaskiya a cikin maganar, shi ya sa ta yi tsawon rai. Yanzu na ajiye alli, ido ya fara gajiya, yawancin waɗanda suka ga abin kuma sun riga mu gidan gaskiya, shi ne na ga gara in rubuta muku yadda aka yi da hannuna. Ummi, ke ce babba kuma hannunki ne, don haka ki karanta wa ƙannenki in sun yi ƙyuya.

Inna, kakarku, ƙosai take soyawa a ƙofar gidanmu na Dogo Tebo tun ban yi wayo ba. Direbobin manyan motocin shanu sukan karkato daga titi musamman don ita, ta kuwa san wanda ke son yaji da wanda ciki ya hana. 'Yar Ngizimawa ce, Hausarta ta kasuwa ce mai kaifi, amma in ranta ya ɓaci sosai Hausar takan yi mata kaɗan, sai ta koma harshen iyayenta. Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta kama sunana. “Ke” take ce mini, da na fara koyarwa kuma ta koma “Malama”, da wata irin murya da ba ka sanin yabo ne ko zolaya. Lokacin ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandaren 'yammata, muna zaune da babanku a Dogo Nini. Kullum da safe acaɓa kan biya da ni Dogo Tebo in sauke Ummi, don a shekarun nan keke mai ƙafa uku bai zo gari ba tukuna. Ummi sunan Inna ta ci, shi ya sa ba ma faɗin sunanta na yanka. Ba ta shiga firamare ba a lokacin, kuma duk duniya ba wanda Inna ke ji da shi kamar takwarar tata.

Ranar da abin ya faru ina cikin aji aka ce ana nemana a bakin ƙofa. Ummi ce ta biyo 'yar akuya da gudu, ta yi tuntuɓe da itacen da ya leƙo daga murhu, kasko ya karkace, mai ya watso mata a bayan hannun dama tun daga yatsu har wuyan hannu. Inna ma ta ƙone a tafin hannu garin tare kaskon, amma ko kallon nata ba ta yi ba. Kafin in iso ta riga ta yi abin da ta gada. Tana da tsohuwar fatar zomo cikin gwangwani, duk unguwa an san ta da ita, wanda wuta ta taɓa ɗansa gidanmu yake aikowa. Ta tsige gashin ta manna a kan ƙunar har hannun ya rufe ruf. A asibiti sai da nas ta jiƙa shi ta riƙa tsince gashin daga cikin ɗanyen nama, ni na riƙe yarinyar, Inna tana tsaye a jikin bango ba takalmi a ƙafarta. Nas ɗin, wata dattijuwa mai haƙuri, ta ce mun yi sa'a ƙunar ba ta ci ƙasa sosai ba. In aka bar ta lafiya fata za ta rufe da kanta. Ta shafa magani, ta raba yatsun da auduga don kada su manne, ta naɗe da bandeji, ta ce kada kowa ya kwance sai ranar wankin ciwo.

A hanyar gida na maimaita wa Inna wannan magana dalla-dalla. Ta gyaɗa kai ta ce,

“Na ji, Malama.”

Tun ranar ta kife kasko a bayan ɗaki. Wannan ku riƙe shi da kyau, kafin mu sami saɓani ta daina suya, ba bayansa ba. Ta ce ba ta iya jin ƙaurin mai. Ni kuwa na ci gaba da sauke mata Ummi kamar kullum, har ina jin daɗin ta sami abin da zai ɗauke mata hankali.

Sai dai ciwo ya ƙi ci gaba. Duk ranar da aka kwance sai mu tarar da shi jajur, yana tsattsafo da jini, kamar jiya aka ƙone. Makonni suka shuɗe a haka. Rannan nas ta daɗe tana kallonsa, ta ɗago ta ce,

“Malama, anya ba a taɓa hannun nan a gida?”

“Ba mai taɓawa,” na ce da ita, har da ɗan zafi.

“To Allah ya sa. Amma in ya ci gaba da zama a buɗe zai zurfafa. Tabo ne zai cike shi, ya janye yatsun su ƙandare. Ƙarshenta sai an yanko fata daga cinyarta an ɗora.”

Na dawo gida maganar tana cin raina. Yarinya mace, hannun dama, wanda za ta ci abinci da shi, ta riƙe alƙalami, ta yi sallama da mutane. Kashegari da aka fita hutun tara na nemi izini na hau acaɓa zuwa Dogo Tebo, a lokacin da Inna ba ta sa ran ganina.

Tun daga zaure na ji kukan. Inna na zaune ƙarƙashin dogon yaro, ta matse Ummi tsakanin ƙafafunta, ga kwanon ruwa yana tururi, ga sabulun salo, ga tsumma. Bandejin yana gefe a naɗe tsaf, don ta koyi yadda nas ke ɗaura shi har ta fi ta iyawa. Tana tsoma tsumman tana gasa ciwon, sannan ta goge. Ita ma kuka take, hawaye na ɗiga a kan yarinyar, amma hannunta bai tsaya ba.

“Inna, me kike yi haka?”

Ko firgita ba ta yi ba. Ta ce,

“Ruɓa nake cirewa. Kullum na buɗe sai in tarar ya yi farar yana kamar kunun da ya huce. Mutanen asibitin naki rufewa kawai suka iya. Ciwo in ba a gasa shi an goge har jan nama ya fito ba, ta ciki yake ci.”

“Inna, yanar nan ita ce sabuwar fatar. Ita muke jira.”

“Fata fara? Takwarata baƙa ce kamar ni.”

A nan ne abin da nake rubutawa a allo kowace shekara ya fito ya tsaya a gabana. Fatar mutum hawa-hawa ce. Na can ƙasa su ne masu rai masu haihuwa, suna turo 'ya'yansu sama, na saman suna bushewa su kakkaɓe. In wuta ta cinye na sama, waɗanda suka tsira a bakin ciwo da gindin gashi da ramukan zufa su ne ke rarrafowa su shimfiɗu a kan jan naman. Farkon zuwansu falle ɗaya ne, ba su da kauri, ba su da launi, ba su da jijiyar jini tasu, daga ƙasa suke shan abinci. Tsumma ɗaya ya isa ya kwashe aikin da jiki ya kwana yana yi. Kullum jikin Ummi sai ya yi shimfiɗa, kullum da hantsi Inna sai ta naɗe ta, kuma tana yi ne da duk son da ke zuciyarta.

Na durƙusa a gabanta na yi mata bayani iya iyawata, da Hausa, da ɗan Ngizimancin da nake ji. Na roƙe ta ta yi mini alkawari ba za ta ƙara kwancewa ba.

“Ai kin ce kin ji, Inna.”

“Na ce na ji. Ban ce na yarda ba. Ke ma da na bi ta mutanen asibiti da ba ki kai yau ba. Ba zan yi miki alkawarin ƙarya ba, in na ga ruɓa zan cire.”

Na san mahaifiyata. In ta faɗi abu, ko gari zai taru a kanta ba ta canzawa, ni kuma a wajenta na gaji wannan hali. Na ɗauki tsabtataccen ƙyalle na rufe hannun, na saɓi Ummi na goya ta, na nufi ƙofa. Inna ta biyo ni tana faɗa da harshensu, mata suka firfito daga gidaje. Da muka iso inda murhun yake ta koma Hausa don kowa ya ji.

“Ki fito fili ki faɗi abin da ke ranki. Ki ce ni na ƙona ta.”

“Wuta ce ta ƙona ta, Inna, kuma ƙaddara ce. Ban taɓa cewa ke ce ba, ba kuwa zan ce ba har in mutu. Amma hannun nan ba za ki ƙara taɓa shi ba sai ya rufe.”

Maƙwabta rabin ƙarshen suka ji, shi suka kuma ɗauka suka yi gaba da shi. Abin da ya yi ta yawo ke nan har ya iso gare ku.

Ba a kwana biyu ba Kawu Bukar, yayan Inna, ya zo gidanmu da sandarsa. Ya zauna a kan tabarma ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa.

“Adama, uwa fa ba abokiyar gardama ba ce. Da gashin zomon nan aka warkar da ni, ga ƙafata ki gani. Ki mayar mata da yarinya ki ba ta haƙuri.”

“Haƙuri zan ba ta, Kawu, ko yau ka ce mu tafi. Yarinya kam sai ta warke.”

Ya kalli babanku ko zai tsawata mini. Babanku mutum ne da bai son hayaniya, a kasuwar hatsi ma an san shi da haka. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ba ya shiga tsakanin uwa da 'ya, amma ranar wankin ciwo shi zai riƙa kai Ummi asibiti da kansa. Kawu ya tashi bai yi mana sallama ba. Na je Dogo Tebo ba da haƙurin kamar yadda na ce, na durƙusa a ƙofar ɗakinta, Inna ta amsa gaisuwa ta juya wa ƙofa baya. Haka na riƙa zuwa duk Juma'a, haka kuma ta riƙa yi mini. Ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini ciwo ƙwarai. Sau da yawa a kan acaɓa nake share hawaye da bakin mayafi kafin in iso gida. Amma ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce in mayar da ke ba, Ummi.

Tun da ba inda zan bar ki, makaranta na riƙa tafiya da ke. Shugabarmu ta ɓata fuska, na ce mata ko dai Ummi ta zauna a bayan aji ko ni in zauna a gida, ta zaɓa. Aka shimfiɗa miki tabarma kusa da taga, hannu a rataye a wuya. Allah da ikonsa, zangon nan ne nake koya wa manyan ɗalibai darasin da littafi ke kira efitiliyam, ni kuma nake ce masa shimfiɗar jiki, wato siririn naman da ke lulluɓe mu ta waje ya kuma shafe cikin kowace kafa da ke cikinmu. Na yi shekara da shekaru ina koyar da shi don a ci jarrabawa. A shekarar nan kuwa da zafin rai na koyar da shi. Na ce da su akwai mai falle ɗaya shafal a cikin huhu da jijiyoyin jini, an yi shi siriri ne don iska ta ratsa. Akwai mai kusurwa huɗu kamar tubali a cikin ƙoda, yana tace abin da jiki zai riƙe da wanda zai zubar. Akwai dogaye a cikin hanji, a jere a tsaye kamar buhunan gero a kasuwarmu, su ne ke tsotse abinci. Na maƙogwaro har 'yan gashi gare su, suna share ƙura su turo ta sama. Na mafitsara miƙewa suke in ta cika, su tattare in an yi fitsari. Sannan mai hawa-hawa, wanda aka ajiye inda ake gogayya, a fata da cikin baki. Na sa kowace ta kankaro cikin kumatunta a hankali muka ɗiga wa abin da suka kankaro shuɗi muka duba a madubin ƙara girma, suka yi ta turereniya. Wata mai surutu da ke zama a gaba ta tambaye ni wane iri ne ke hannun Ummi yanzu. Na ce mai hawa-hawa ne, amma bai gama hawa ba. Na kuma ce da su, dukansu za su yi 'ya'ya, kuma a gidajenmu a ƙasa ake girki, don haka wadda ta manta komai kada ta manta cewa farar yana a kan ƙuna ba datti ba ce.

Da aka bar hannun ya huta, abin mamaki, sai ga yana ta taho daga gefe-gefe, wata kuma ta ɓullo tsibiri-tsibiri a tsakiya, suka haɗe. Nas ta sa ni in riƙa lanƙwasa miki yatsu kina kuka ina lallashi, ina shafa mai. Ciwo ya rufe, yatsu biyar suna motsi. Amma fatar ta fito ja-ja fari-fari, ba ta yi kama da sauran jikinki ba ko kaɗan. 'Yan kai-komo suka kai wa Inna labari wai boko ya mayar da hannun takwararta na zabiya, da an bar mata da gashin zomo da bai yi haka ba. Ni na san launi daga baya yake zuwa, daga gindin gashi yake tasowa. A littafi na sani, ban taɓa gani da idona ba, kuma littafin bai yi mini alkawarin zai dawo duka ba. Kullum da safe nakan fito da ke hasken rana in juya hannun in duba. An daɗe ba komai. Rannan sai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe ƙanana, kamar an yayyafa masoro, kowanne a gindin gashi.

Watanni aka kwashe a haka, kuma su ne kuɗin da na biya. Inna ba ta yi wasu shekaru masu yawa bayan nan ba, watannin nan da ba ta yi mini hira ba kuwa ba wanda zai dawo mini da su. Ina jin rashinsu har gobe. Duk da haka da za a mayar da ni ƙarƙashin dogon yaron nan, goya ki zan sake yi in fita.

Da Babbar Sallah ta zo na yi miki kitso na sa miki sabuwar atamfa, muka tafi Dogo Tebo. Karo na farko ke nan da na kai ki tun ranar. Inna na zaune a tsakar gida, ta rame, murhun ƙofar gida har ciyawa ta fito a cikinsa. Kika ƙwace daga hannuna kika faɗa jikinta. Ba ta dube ni ba. Ta rungume ki ta daɗe, sannan ta kamo hannun daman ta ɗaga shi ga rana. Ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, duk suka bi ta. Ta ƙura wa ɗigon ido, ta tsuke baki irin yadda take yi in ta ga ƙazanta a kwano. Sai na ga ta lashi babban yatsanta ta kai kan fatar. Har na ɗaga ƙafa, amma na tsaya, don na ce sai ya rufe, kuma ya rufe. Ta murza. Ta duba yatsan nata ba komai. Ta sake murzawa, wannan karon a hankali.

“Ba ya fita,” ta ce, kamar da kanta take magana.

“Ba zai fita ba, Inna. Launinta ne ke dawowa. Irin naki ne.”

Ta ci gaba da shafa wurin da bayan yatsa, kamar mai tsoron tayar da jariri. Ba ta ce na yi daidai ba, har ta koma ga Allah kuma ba ta faɗa ba, ni ma ban nema ba. Can ta ɗago, ta dube ni ido cikin ido karo na farko tun ranar da na fita da ke, ta ce,

“Ke, tsayuwar me kike yi a kaina? Takwarata ta daɗe ba ta ci ƙosai ba. Kaskon nan yana bayan ɗaki ya yi tsatsa, ɗauko ki wanke.”

Na tuɓe mayafin Sallah na rataye a reshe, na ɗauko kaskon na durƙusa a bakin rijiya da toka da soso, na goge shi da duk ƙarfina har baƙin ƙarfen ya fito.